Ƙanƙara a bututun gas, a Kanon nan? Regiletarmu na shaƙewa da asuba

Ɗan Sharaɗa: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina neman wanda zai haska min wani abu. Masana'antarmu ta koma gas tun bara, tirela ce ke kawo mana CNG, gas ɗin da aka matse a silinda, mu sauke shi ta injin rage matsi, wato regileta, zuwa tukunyar tururi. Bazara da damina lafiya lau. Hunturun nan na shigowa sai ya fara shaƙewa wajen asuba. Agogon matsin da ke bayan regileta ya faɗi, wuta ta mutu, alhali tirelar na nuna matsin bar 180. Da hantsi ya yi sai ya saki da kansa. Wanda ya haɗa mana ya ce ƙanƙara ce a ciki. Ƙanƙara a Kano fa jama'a? Ko dai gurɓataccen gas ake kawo mana?

Mai Adaidaita: Wa alaikumus salam. Ƙanƙara kuma? Garin da ruwan randa ma ke ɗumi. Yallaɓai a duba filta, datti ne.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Kar ka yi saurin musu ɗan'uwa. Motar da aka juya zuwa CNG, in ka buɗe gabanta za ka ga tiyon ruwan lagireto biyu sun shiga regileta. Ba ado ba ne. Ranar da ruwan nan ya daina zagayawa, regiletar fari fat take yi, motar ta riƙa shiɗewa. Da idona na gani, a tsakiyar zafin Afrilu ma.

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam. Bakanike ya kama hanya, amma abu biyu ne a nan, a raba su. Farin da kake gani a bayan ƙarfe danshin iskar gari ne ya daskare don ƙarfen ya yi sanyi. Wanda ke toshe hanya yana ciki, kuma galibi ba ƙanƙarar firji ba ce, haidret ne. Ruwa ne ke daskarewa ya yi ɗan keji, ya rufe ƙwayar gas a ciki kamar kaza a akurki. Ƙwayar gas ɗin ce ke tallafe kejin, shi ya sa ba ya jiran sanyi ya kai sifili. Matsi kawai yake so, da ɗan sanyi, da ruwa. Zallar metan, babban sinadarin gas ɗin, a digiri 0 yana buƙatar wajen bar 26. A digiri 10, bar 70 da 'yan kai. A bar 250 kuwa har tsakanin digiri 20 da 21 zai yi. To Malam Ɗan Sharaɗa, nawa ne sanyin Kano da asuba a Janairu?

Ɗan Sharaɗa: Wayata na nuna 12, 13. Wani daren ƙasa da haka.

Baba Injiniya: Ka ga tun gas bai bar tirela ba ya riga ya shiga yankin haidret. Ballantana ya ratsa regileta.

Mai Adaidaita: To Baba in haka ne me ya hana kowace silinda a garin nan toshewa duk hunturu? Tawa bar 200 ake cika ta.

'Yar Kabuga: Bari in sa baki, don kan wannan nake aikin kammala karatuna. Amsarka ruwa ce Malam. Layin matsi da sanyin da Baba ya zana cewa yake yi haidret zai iya samuwa, ba cewa dole ya samu ba. In an busar da gas ɗin sosai babu abin da za a gina kejin da shi. Taka ba ta toshe ba saboda gidan da ke cika maka na'urar busarwarsu na aiki, ko kuma ruwan bai taru ya kai ba tukuna.

Baba Injiniya: Madalla 'yata. Faɗa masa batun raɓa.

'Yar Kabuga: Ƙa'idar da aka saba a bututun Amurka ita ce kada ruwa ya wuce fam 7 a ƙafa kubik miliyan ɗaya ta gas, wato wajen miligiram 112 a kowace mita kubik. A bar 70 irin wannan gas ba zai zubar da ruwa ba sai sanyi ya kai kusan sifili. Amma ka matse shi zuwa bar 250, raɓarsa na sauka a wajen digiri 11. Gas ɗin da ya ci jarrabawa a bututu yana iya faɗuwa a tirela. Shi ya sa tashar CNG ke da nata na'urar busarwa kafin kwamfaresa ko bayanta.

Ɗan Sharaɗa: Digiri 11? Ai wannan asubar Kano ce sak.

Malamin Kemistiri: Ku ba ni dama in ɗan koma baya, don yara na karantawa. Abin ba sabo ba ne. Humphry Davy a Ingila ya ga irinsa da gas ɗin kulorin tun 1810, aka ɗauke shi abin sha'awar ɗakin gwaji kawai, sama da shekara ɗari. Sai 1934 Hammerschmidt ya nuna cewa abin da ke toshe bututun gas a Amurka da sanyi ba ƙanƙarar ruwa ba ce, wannan ne. Daga nan kuɗi suka shigo maganar, bincike ya kankama. Kuma in ka ɗauko dunƙulensa ka kyasta ashana kamawa yake yi, ruwa na ɗiga. Mita kubik ɗaya ta haidret na ɗauke da wajen mita kubik 160 ta metan.

Mai Adaidaita: Ikon Allah. Ƙanƙara mai cin wuta.

Ɗan Sharaɗa: Malam na ji tarihi, Allah ya saka. Ni dai lamba nake so. Ta yaya zan san a wane zafi gas ɗina zai kama, in san inda zan saita hita?

Baba Injiniya: Mafi sauƙi taswirar Katz ta 1945. Abu ɗaya take tambayarka: nauyin gas ɗinka in an gwada shi da iska. Zallar metan 0.55 ne, gas ɗin kasuwa yawanci 0.6 zuwa 0.7. Ka nemi matsinka a gefe, ka bi layin nauyinka, ka karanta zafi a ƙasa. A bar 70, mai nauyin 0.6 yana kamawa wajen digiri 16, mai 0.7 wajen 18. Da ita muka yi aiki a Kudu tun kafin kowa ya mallaki kwamfuta, an liƙa ta a bango.

'Yar Kabuga: Baba da girmanka, taswirar nan ta tsufa, yanzu da manhaja ake yi. Ku lura da abin da ta nuna da kanta: metan zalla a bar 70 bai kai digiri 10 ba, amma daga 0.55 zuwa 0.6 kawai an yi tsalle zuwa 16. Me ya kawo tsallen? Ba nauyi ba ne, furofen ne, wani gas da ke zuwa gauraye da metan. Metan shi kaɗai keji samfuri na ɗaya yake ginawa, mai ƙwayar ruwa 46. Da furofen ya shigo, ko kashi ɗaya cikin ɗari ne, ƙwayarsa ba ta shiga wancan kejin, sai ruwan ya koma samfuri na biyu mai ƙwaya 136, wanda ya fi juriya. To gas biyu na iya zuwa da nauyi ɗaya, ɗaya furofen ya ƙara masa nauyi, ɗaya naitirojin. Na farko zai kama da wuri, na biyu sai an ƙara matsi. Taswirar amsa ɗaya za ta ba su.

Baba Injiniya: Duk gaskiya ne. Ƙara da gas mai tsami, wanda ke da H2S, nan ma taswirar ba ta da ta cewa, don shi ɗaga layin yake yi sosai. Amma ki tambayi Ɗan Sharaɗa ko yana da takardar abin da gas ɗinsa ya ƙunsa.

Ɗan Sharaɗa: Wallahi rasit kawai suke ba mu. Nauyi da kuɗi.

Baba Injiniya: Kin ji. Manhajar da kike taƙama da ita abinci take so, kashi nawa metan, nawa etan, nawa furofen, nawa CO2. In babu, me za ki zuba mata? Ƙage? Gara taswirar da kowa ya san iyakarta da lamba mai ɗigo uku da aka gina a kan zato.

'Yar Kabuga: Ai ban ce a yi zato ba Baba, cewa na yi a nemo takardar. Haƙƙin mai saye ne.

Ɗan Bompai: Ni a wajen aikinmu lissafin Towler da Mokhatab na 2005 muke sa wa a Excel, ba ruwanka da lalube a taswira. T = 13.47 ln P + 34.27 ln g − 1.675 ln P ln g − 20.35. P matsi a ma'aunin psi, g nauyin gas, T a ma'aunin Faranhait. Na gwada da 0.65 a psi 1000 ya ba ni 63, wato digiri 17 a namu ma'aunin. A psi 3600, matsin tirela cike, ya ba ni 81, wato 27.

Baba Injiniya: Na farkon ya zauna daidai tsakanin 16 da 18 da na faɗa. Na biyun ban yarda da shi ba. Can sama layin miƙewa yake yi, ka ninka matsi zafin ya motsa kaɗan. Metan zalla 21 bai cika ba a wurin, gaurayen zai ɗara shi da 'yan digiri, amma 27 ya yi yawa. Irin waɗannan lissafai ɗinka su aka yi a jikin taswirar, in ka ja su zuwa gefe sai su yage.

Ɗan Bompai: To ai kuskuren ta ɓangaren tsira ne. In ya ce 27 na ɗumama zuwa 30, me na rasa?

Baba Injiniya: Kuɗin wuta. A ƙaramar tasha ba komai, a babba kuwa akanta zai zo nemanka.

Malamin Kemistiri: Tsakanin taswira da manhaja akwai hanyar K ta Wilcox da Carson da Katz, farkon shekarun 1940. Kowane sinadari da tasa lambar a matsi da zafin da ka zaɓa, ka raba kasonsa da lambar, ka tara. Inda jimla ta zama 1, nan ne bakin layi. Da biro da takarda ake yi, kuma tana kula da abin da gas ya ƙunsa. Manhajojin yau kuwa, HYSYS ne, PVTsim ne, Multiflash ne, tushensu guda: ƙa'idar van der Waals da Platteeuw ta 1959, wadda ke lissafa yiwuwar kowane keji ya samu ƙwayar da za ta zauna a ciki. Parrish da Prausnitz suka mayar da ita abin da kwamfuta za ta iya yi wa gaurayen gas a 1972.

'Yar Kabuga: Ni nawa aikin ƙirƙirarriyar basira nake koya wa bayanan gwaje-gwajen da aka wallafa, ta riƙa hasashen zafin. A bayanan da na ware don jarrabawa tana doke lissafin Ɗan Bompai.

Baba Injiniya: Ba na raina aikinki, amma in ni ne mai jarraba ki tambaya ɗaya zan yi. Bayanan da kika ware, ba daga gwaje-gwajen da ta yi karatu da su kika tsinto su ba? Gas ɗaya, ɗakin gwaji ɗaya, kin ɓoye mata layi na uku kin nuna mata na biyu da na huɗu. Cire gas guda sukutum, kar ta taɓa ganinsa, sannan ki tambaye ta. Kuma ki duba ko ta san inda ake sauya keji daga na ɗaya zuwa na biyu. Ƙa'idar 1959 ta san dalili, taki haddar amsa ta yi.

'Yar Kabuga: Wannan gwajin zan yi shi. Amma Baba ita ma ƙa'idar 1959 lambobin cikinta daga gwaji aka daidaita su, ba wahayi ba ne. Shi ya sa manhaja biyu ke ba ka amsa biyu a gas ɗaya, bambancin digiri ɗaya ko fiye.

Baba Injiniya: Shi ya sa mai hankali ke barin ratar digiri 3 zuwa 5 bayan duk abin da ta faɗa.

Mai Adaidaita: Ku kun tafi sama kun bar mu a ƙasa. Mutum ya ce da asuba abinsa ke mutuwa, ku ba shi magani mana.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Hita. Na faɗa tun farko.

Baba Injiniya: Hita ce rabin amsa. Gas in ya ratsa ƙaramar kafa matsinsa ya faɗi, sanyi yake yi, shi ake kira tasirin Joule da Thomson. A ƙiyasin aiki, kowane bar ɗaya rabin digiri. Ƙiyasin ya fi zama daidai ƙasa da bar 100, can sama sanyayawar ba ta kai haka ba, amma duk da haka daga 200 zuwa 4 in babu ɗumi faɗuwar na wuce digiri 70. Da rana gas ɗinka na shiga da zafin 35, hitar na iya ɗauka. Da asuba yana shiga da 12, ga ruwa ya riga ya sauka a silinda. Hitar da aka auna da zafin Afrilu ba za ta riƙe Janairu ba. Ka sa ma'aunin zafi daf da bakin regileta ta farko da bayanta, ka rubuta abin da suka nuna daga ƙarfe uku zuwa bakwai. Ka duba kuma hitar kafin regileta take ko bayanta, don na sha ganin an ɗora ta a baya, inda aikin gama ya riga ya gama.

Ɗan Sharaɗa: Mataki biyu ne namu, hitar ruwan zafi na tsakaninsu. Kafin ta farko babu komai.

Baba Injiniya: To ga inda za ka fara dubawa. Babbar faɗuwar a ta farko take.

Ɗan Bompai: Ko ka ɗiga metanol kafin regileta. Lissafin Hammerschmidt ɗin nan da Malam ya ambata: saukar zafi = 1297 × W ÷ (M × (100 − W)). W kason metanol ne a cikin ruwan, M kuma nauyin ƙwayar sinadarin, na metanol 32 ne. In kana son ture layin da digiri 10, W na fitowa kusan kashi 20 cikin ɗari na ruwan da ke ciki.

'Yar Kabuga: Na ruwan, a ja layi a nan, ba na gas ba. Kuma wani kason metanol ɗin tururi yake zama ya bi gas, dole ka ƙara a kan lissafin. In an wuce kashi 25 lissafin ma sai a hankali. A manyan wurare gilaikol suka fi so don ana tace shi a sake amfani da shi.

Hajiyar Lafiya: Ni ba injiniya ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, maigidana ne ya sa ni a zauren nan. Don Allah in za ku ajiye metanol a masana'anta ku rubuta a jikin jarkar da Hausa, ku kulle. Kamarsa ɗaya da sifirit, kaɗan ke makantar da mutum, ya ɗara haka ya kashe.

Baba Injiniya: Allah ya saka Hajiya. Tunda an zo batun rai, ga nawa. In bututu ya toshe, kada wanda ya kawo wuta ko abin walda ya gasa wurin. Gas ɗin da ke daure a ciki zai saki a wurin da ba shi da mafita, ƙarfe ya fashe. Kada kuma a sauke matsi ta gefe ɗaya. Haidret daga jikin bango yake fara narkewa, da ya saki, matsin da ke bayansa zai harbo shi, kuma a lanƙwasa ko bawul yake tsayawa, inda mutum ke tsaye. An yi asarar rayuka a haka a ƙasashen da suka riga mu. Ta gefe biyu ake saukewa, sannu a hankali, a yi haƙuri.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Yaranmu ruwan zafi suke kwarawa a regiletar mota. Shi fa?

Baba Injiniya: A kashe mota, a rufe bawul ɗin silinda, ruwan ɗumi ba laifi. Amma a gyara zagayen ruwan, kar a mayar da buta ta zama kayan aiki.

Ɗan Fagge: Duk wannan wahalar tirela ce. Bututun gas na AKK, Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, ya iso mu huta. Kilomita 614 daga Ajaokuta, tun Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin, har yau muna jira.

Admin: Ɗan Fagge, batun yaushe zai iso a kai shi ɗaya zauren. Nan lissafi ake.

'Yar Kabuga: Ko ya iso maganar ba ta mutu ba. Misali kawai, ba lambar AKK nake faɗa ba: gas ya zo a bar 70 da zafin ƙasa digiri 28, a sauke shi zuwa 20 a tashar bakin gari. Ya rasa wajen 25, ya koma 3. Lissafin Ɗan Bompai a bar 20 na ba da wajen digiri 7. Ka ga an shiga yankin. Abin da zai cece ka shi ne busasshen gas, don a bar 20 raɓar mai fam 7 tana can ƙasa da sifili sosai. Ranar da na'urar gilaikol mai busar da gas ta can Kudu ta yi tangarɗa, ko aka bar ruwan gwajin bututu a wani kwari, mu nan za mu ji a jikinmu.

Baba Injiniya: Sabon bututu ma ya fi wannan haɗarin, don da ruwa ake gwada ƙarfinsa. Busar da shi kafin a saki gas aiki ne mai zaman kansa. Masu haƙo mai a teku kuwa kullum a cikin yankin suke kwana. Filin man Bonga ruwansa ya wuce zurfin mita 1000, ƙasan teku wajen digiri 4, ga matsi, ga ruwan rijiya. Su ba sa tambayar ko zai kama, tambayarsu awa nawa suke da shi bayan an tsayar da aiki kafin bututu ya huce. Ku tuna malalar man Tekun Meziko a 2010, katafaren murfin da aka saukar don tare man haidret ne ya cika shi, dole aka janye.

Malamin Kemistiri: Wannan batun awa nawa shi ne abin da duk layukan nan ba sa faɗa. Kana iya shiga yankin da digiri biyu ka daɗe bai kama ba, sai ya samu inda zai fara. Amma ruwan da ya taɓa zama haidret ya narke, in bai ɗumama sosai ba, ya fi saurin komawa. Ina zargin shi ya sa na Ɗan Sharaɗa ke maimaitawa kowace asuba.

Mai Adaidaita: Ni dai abin da na tsinta, in cika a gidan da ke busarwa. To ta ina zan gane?

Bakaniken Ƙofar Ruwa: In an kwance filtar ka ga ruwa ko mai ya taru, ka sauya gida. Kuma kar ka rikita da tukunyar girki da ke gumi in ta kusa ƙarewa, wancan gas ɗin daban ne, ruwa-ruwa yake a ciki, tafasarsa ke sanyaya ƙarfen.

Ɗan Sharaɗa: Na kira masu kawo mana. Da farko sun ce gas ɗinsu ba shi da matsala, da na ce matakin raɓa nake so a rubuce sai aka haɗa ni da wani injiniyansu. Ya ce zai turo takarda. Me da me zan tabbatar yana ciki?

Baba Injiniya: Kason kowane sinadari har zuwa fentan, da CO2 da naitirojin. Yawan ruwa a miligiram. In matakin raɓa suka rubuta, su faɗi a wane matsi aka auna, don raɓar da aka auna a bar 1 ba ta gaya maka komai game da tirela mai 250 sai an juya ta. Da ranar da aka ɗebi samfurin, kar su ba ka ta shekarar da aka buɗe tashar.

'Yar Kabuga: In ta zo ka sako ta nan. Zan zana layin da hanyar K da manhajar makaranta da tawa, Baba ya karanta taswirarsa, Ɗan Bompai ya buga Excel, mu jera su a bar 180 da matsin tsakiyar matakan naka. Nawa ne ma matsin tsakiyar?

Ɗan Sharaɗa: Sai na duba agogon gobe, ina jin 40 ne. Zan haɗa da zafin asubar.